TSOHUWAR TAKARDA MA ANA TAMBAYAR SHEKARUNTA

Yau alƙalamin nawa ya karkata wajen da ba mu saba leƙawa ba, wato tarihin littattafan Kirista na farko. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu? Ki yi haƙuri ki biyo ni, za ki ga ruwan namu.

Akwai wani littafi da ya daɗe yana yawo a hannun jama'a, ana kiransa Linjilar Barnaba. A da sai a teburin masu sayar da littattafai ake ganinsa da Turanci, kusa da kaset-kaset ɗin muhawarar Ahmed Deedat. Yanzu kuwa labarinsa ta WhatsApp yake shigo mana har ɗaka, wai ga Linjilar gaskiya nan da aka ɓoye, wadda ta ambaci Manzon Allah (SAW) da sunansa. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, a gidan suna ko a hanyar dawowa daga Islamiyya, na sha jin mata suna maganar cikin murna. Mu kuwa a nan unguwannin muna da maƙwabta Kiristoci, wasunsu ma'aikata ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, 'ya'yanmu da nasu aji ɗaya suke. Duk abin da uwa ta faɗa a tsakar gida, shi yaro zai ɗauka ya fita da shi. Idan muka ba shi hujjar da ba ta da ƙafa, ranar da aka kayar da ita a gabansa, har da gaskiyar da ke hannunsa zai fara shakka.

Mu Musulmi mun gaji wani ma'auni mai kyau. Malaman hadisi ba su karɓar magana don ta yi daɗi a kunne. Sai sun tambaya wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya kuwa? Shi ne isnadi. Sa'an nan su duba maganar kanta ko ta ci karo da abin da ya tabbata. Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekarar 870, garuruwa ya yi ta ratsawa saboda wannan tantancewar. To wannan ma'aunin nake so mu ɗora littattafan nan a kai, domin mudun da kika auna gero da shi, shi za ki auna dawa.

Bari mu fara da abin da ke hannun Kiristoci. Kashi na biyu na littafinsu, wanda suke kira Sabon Alkawari, littattafai 27 ne aka haɗa wuri ɗaya, dukkansu da harshen Girka, alhali harshen Annabi Isa (AS) na yau da kullum Aramiyanci ne. Huɗu daga ciki su ne labarin rayuwarsa, waɗanda Hausawa Kiristoci ke kira Bishara: ta Matiyu, ta Markus, ta Luka da ta Yahaya. Mu mun yi imani da Linjila a matsayin wahayin da Allah ya ba Annabi Isa. Su kuwa Kiristoci ba su cewa waɗannan huɗun shi ya rubuta su, suna cewa mabiyansa ne suka rubuta labarinsa a bayansa. Yawancin masu bincike sun tafi a kan cewa wasiƙun Bulus su ne suka riga komai, wajajen shekara ta 50 Miladiyya. Bisharar Markus ta biyo wajajen shekara ta 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, ta Yahaya kuma ita ce 'yar auta, dab da shekara ta 100. Da aka jera su aka gwada, sai aka ga kusan duk abin da ke cikin Markus yana cikin Matiyu, wani wurin ma kalma da kalma, shi ya sa ake ganin Matiyu da Luka sun yi amfani da Markus.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka samu da rubutun hannun marubucinsa. Kwafe ne daga kwafe, kamar yadda almajiran zaure suke kwafar littafin malaminsu. Amma kwafen suna da yawa, na harshen Girka kaɗai sun haura 5,000, daga cikakken littafi har zuwa ɗan yanki. Wanda ake gani yana cikin mafi tsufa wani ɗan guntu ne da bai kai tafin hannunki ba, daga Bisharar Yahaya. A Masar aka samo shi, yana ajiye a ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchesta a Ingila, an bayyana shi ga duniya a 1935, kuma yawancin masana suna sa shi a ƙarni na 2.

Akwai kuma wani babban kundi na fata da aka rubuta a ƙarni na 4. Wani Bajamushe mai suna Tischendorf ya ga ganyayensa a wani gidan ibadar Kiristoci da ke gindin Dutsen Sina'i a 1844, ya koma ya samo sauran a 1859. Kundin ya tafi Rasha, sa'an nan Ingila ta saye shi a 1933 a kan fam 100,000. Da aka gwada shi da ɗan uwansa da ke Fadar Paparoma, sai aka tarar ayoyi 12 na ƙarshen Markus babu su a cikin duka biyun. Haka labarin matar da aka kama da zina aka kawo gaban Annabi Isa, wanda ke cikin Bisharar Yahaya, shi ma babu shi. Ki lura da wani abu, 'yar uwa: malaman Kirista da kansu suka tono wannan, kuma fassarori da yawa na zamani sun rubuta bayanin a gindin shafi. Wanda ya nuna tabon da ke jikin kayansa ya cancanci a yaba masa wannan, ko da ba za ki sayi kayan ba.

Ba waɗannan 27 ɗin kaɗai aka rubuta ba. Wani malami mai suna Ireniyus, wajajen shekara ta 180, ya tsaya a kan cewa Bishara huɗu ce. Jerin littattafai 27 kamar yadda suke yau kuwa, a wasiƙar Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariyya, ta shekarar 367 aka fara ganinsa cif. Waɗanda aka bari a waje wasunsu sun ɓace, wasu ƙasa ta adana. A 1945 wasu manoma a kusa da Nag Hammadi a Masar suka haƙo tulu, a ciki akwai kundaye 13 da harshen Kibɗawa, har da wadda ake kira Bisharar Toma mai ɗauke da maganganu 114 da aka jingina wa Annabi Isa. Akwai kuma wani littafi na ƙarni na 2 da aka jingina wa Yakubu, mai ba da labarin Hannatu da haihuwar Nana Maryam da renonta a ɗakin ibada. Duk waɗannan an buga su, kowa na iya karantawa, kuma an san shekarunsu gwargwado.

To ina Linjilar Barnaba a cikin wannan jeri? Shi Barnaba mutum ne na gaske, abokin tafiyar Bulus. Akwai wata tsohuwar wasiƙa da aka jingina masa, tana ma cikin kundin nan na Sina'i, amma wannan wani abu ne daban. Wani jerin littattafan da coci ta ƙi, na wajajen ƙarni na 6, ya ambaci wata bishara da sunan Barnaba, sai dai suna ne kawai, ba a samu littafin ba balle a gwada. Wannan kuwa da ke yawo a hannunmu, mai babi 222, tushensa rubuce-rubuce biyu ne. Ɗaya da Italiyanci, an gan shi a Amstadam a 1709, yanzu yana ɗakin karatu na ƙasa a birnin Biyana na Ostiriya. Ɗayan da Sifaniyanci, kwafen ƙarni na 18, yana Jami'ar Sidni a Ostareliya. Ba a taɓa samunsa da harshen Girka ko Aramiyanci ba. An fassara shi da Turanci a 1907, sa'an nan da Larabci a Alƙahira a 1908, Rashid Rida ya buga shi, daga nan ya bazu a ƙasashen Musulmi.

Yaya ake sanin shekarun takarda? Wannan ilmin ba baƙo ba ne a Kano. Idan akwai tsohon Alƙur'ani ko littafin fiƙihu na rubutun hannu a gidanku, ki ɗaga ganye ɗaya saitin rana, mai yiwuwa ki ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Alamar masu yin takarda ce ta arewacin Italiya, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar har Kasuwar Kurmi. Da irin wannan alamar masana ke gane zamanin littattafan malamanmu. Haka aka yi wa rubutun nan na Biyana, sai alamar takardarsa ta nuna ƙarshen ƙarni na 16. Wato tsakaninsa da Barnaba akwai shekara kusan 1,500, kuma babu mai riwaya ko ɗaya a tsakani. Ibn Hazm na Andalus da ya rasu a 1064, da Ibn Taimiyya da ya rasu a 1328, duk sun yi dogon rubutu suna muhawara da Kiristoci, sun bi Bisharorin nan huɗu, amma ba wanda ya ambaci wannan littafi. Da sun san shi, ai da shi za su fara.

Isnadi ya faɗi ke nan, saura mu leƙa ciki. Littafin ya ce Annabi Isa ya shiga jirgin ruwa ya sauka a Nazarat, alhali Nazarat gari ne a kan tudu, babu teku babu tafki. Kamar a ce miki baƙo ya zo da kwalekwale ya ɗaure a gindin Dala. Ya ce Bilatus ne gwamna lokacin haihuwar Annabi Isa, shi kuwa Bilatus sai a shekara ta 26 ya kama mulki. Ya ce shekarar yafe bashi da 'yanta bayi tana zuwa ne duk shekara 100, alhali a Attaura duk shekara 50 ce. Paparoma Bonifas na 8 ne ya sa wani biki mai wannan suna a kan shekara 100 a 1300, kafin wani Paparoman ya rage shi zuwa 50. Kin ga kamar a nuna miki hoto a ce na zamanin Sarki Alu ne, sai ga wayar salula a hannun dogari.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurinmu shi ne karonsa da Alƙur'ani. A cikinsa an sa Annabi Isa yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani ya kira shi Almasihu sau 11. Ya ce sammai tara ne, Suratul Mulk ta gaya mana bakwai ne. Ya ce Nana Maryam ta haihu ba tare da ciwo ba, Suratu Maryam kuwa ta ba mu labarin yadda naƙuda ta kai ta ga kututturen dabino, har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Duk wadda ta taɓa durƙusawa ta san wanne ne ya yi kama da gaskiya. Masu bincike da dama suna zaton littafin ya fito ne daga cikin Musulmin Andalus da aka tilasta wa shiga Kiristanci, aka kuma kore su daga Sifen tun daga 1609. Idan haka ne, littafin shaida ne na ƙuncin da suka shiga, kuma ya cancanci a karanta shi a wannan matsayi. Amma hujja a kan abin da Annabi Isa ya faɗa, a'a.

Kada wata ta ce wannan aikin malaman jami'a ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajjai ƙauyuka suna karantar da matan aure. Ita ta nuna mana cewa zaman ɗaka bai hana mace bin diddigin ilmi ba. Kuma su kansu littattafan nan sun daɗe da shigowa harshenmu. Wani ɗan mishan Bajamushe, J.F. Schön, ya buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, bayan ya zauna da Dorugu, saurayin nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila. Cikakken littafin ya fito da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya jagoranta. Saboda haka maƙwabciyarki da ke karanta shi da Hausa ta san abin da ke ciki, kuma idan kika kawo mata maganar da ba ta tabbata ba, za ta gane.

Shawarata gare ku guda uku ce. Duk takardar da aka turo miki, ko ta addini ko ta magani ko ta siyasa, ki tambaya wa ya rubuta, yaushe aka rubuta, ta hannun wa ta iso. Idan babu amsa, ki riƙe yatsanki, kada ki tura gaba. Na biyu, idan zance ya haɗa ki da Maman wance maƙwabciyarki, ki tuna Suratul Ankabut ta umarce mu da yin muhawara da Ahlul Kitabi ta hanyar da ta fi kyau, kuma hanya mai kyau ba ta haɗuwa da hujjar jabu. Na uku, ki koya wa 'ya'yanki cewa addininsu bai dogara da wani rubutun Italiyanci da ba a san ubansa ba. Mai zinariya a adaka ba ta aron ɗan kunnen gwangwani don ta je biki.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya zaunar da unguwanninmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Amin.

Wassalam, sai mun haɗu a rubutu na gaba.