Kafin Mu Ɗaura wa Jarumi Ɗamara



Kwanakin baya mun je kallon wani wasan kwaikwayo da ɗalibai suka shirya a nan Birnin Kudu a kan harin Ningawa. Yaran sun yi ƙoƙari, sun haddace maganganunsu tsaf. Amma da mayaƙa suka fito, sai ga na Ningi cikin wandon soja mai dabbare-dabbare irin na gwanjo, na Kano kuma da alkyabba mai ƙyalli kamar ranar hawan sallah. Wani dattijo da ke kusa da mu ya girgiza kai ya ce, "Waɗannan ai gidan biki za su." Laifin ba na yaran ba ne. Ɗaya daga cikinmu ne ya rubuta wasan, kuma iyakar abin da ya sa a takarda shi ne, "Sai mayaƙa su shigo da kayan yaƙi." Wane kayan yaƙin? Na wace shekara? Na wane ɓangare?

A Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, su sa kayan sojojin da, su kwaikwayi yadda suka rayu a sansani. Masu kwaikwayon sojojin duwatsu na Jamus na yaƙin duniya na biyu, waɗanda ake ganewa da alamar wani farin furen tsauni a hula da hannun riga, sukan daɗe suna muhawara a kan ƙyalle guda ɗaya. Jamusawa suna ce masa Zeltbahn. Ƙyalle ne mai kusurwa uku, samfurin 1931, da maɓallai a gefe da tsaga a tsakiya. In ana ruwa soja ya zura kansa a tsagar ya zama rigar ruwa. In dare ya yi, mutum huɗu su haɗa nasu da maɓalli ya zama tanti. An buga masa zanen ɓad-da-kama, tsage-tsagen kore da ruwan ƙasa masu kaifin baki, da 'yan layuka kamar saukar yayyafi. Fuska ɗaya ta fi duhu, ɗayar ta fi haske, soja ya juya wadda ta dace da wurin da yake.

Kafin ɗayansu ya saya, sai ya amsa tambayoyi. Shekarar da yake kwaikwayo an riga an fitar da wannan zanen? Domin sojan yaƙin duniya na farko ƙyalle mai kusurwa huɗu ya riƙe, ba mai uku ba. Rundunar da yake kwaikwayo ita aka ba wannan zanen? Domin dakarun SS nasu zanen daban ne, mai kama da ganyaye. Ƙyallen na lokacin yaƙi ne ko na bayansa? Domin sojojin Jamus ta Yamma sun yi nasu mai kama da shi a shekarun 1950. Duk a kan ƙyallen da bai kai zanen gado biyu ba.

Wannan bai yi mana nisa ba kamar yadda muke zato. Kakanninmu sun taɓa fuskantar Jamusawa a kan dutse. A yaƙin Kamaru, Kyaftin Ernst von Raben ya haye dutsen Mora da sojojinsa, akasarinsu 'yan Afirka, tun daga 1914, bai miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. Cikin waɗanda suka kewaye shi akwai sojojin Najeriya da suka taso ta Maiduguri. Wanda zai rubuta labarin Mora ya sa wa sojojin kaki zalla. In ya yafa musu ƙyalle mai dabbare-dabbare, ya kawo kayan da ba a buga ba sai bayan shekara 15.

To mu dawo gida. A wajajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa bayan saɓani a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Can suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen duwatsun. Daga nan har zuwan Turawa, kudancin ƙasar Kano bai yi barci da ido biyu ba. Birnin Kudu da Gwaram suna bakin iyaka, su ne hari yake fara tararwa. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita da kansa saboda wannan yaƙin, kuma Takai ta zama babban sansanin tsaron kudu.

Me waɗannan mutanen suka sa a jikinsu? Tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai ninki da aka cusa wa auduga aka dinke ta gida-gida, a sa wa mahayi, a sa wa doki har ƙasan ƙirji. Amfaninsa kibiya ta nutse a cikin audugar kafin ta kai fata, abin da ke da muhimmanci ƙwarai inda kibau suke da dafi. Amma yana da nauyi, yana da zafi, kuma dokin da ke ɗauke da shi ba ya dogon gudu. Saboda haka marubucin da ya sa ɗan lifidi ya kori Baninge har ƙwanƙolin dutse a sukwane bai san lifidi ba. A fili lifidi yake da ƙarfi. Da an isa gindin dutse, rinjaye ya koma hannun mai baka da ke laɓe a bayan fa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kano da Bauchi, duk da yawan dawakinsu, suka kasa gamawa da Ningi.

Kuma kada mu cika filin da barade. Doki da sulke kayan masu hali ne da bayin sarki. Mafi yawan mayaƙa dakaru ne a ƙasa, da kwari da baka, da mashi, da garkuwar fata, wani da warki, wani da 'yar taguwar saƙi da aka jera wa layu. Tufafin saƙar hannu ne, ƙyalle siriri-siriri da aka harhaɗa, fari ko rinin baba. Bindiga akwai ta, tun zamanin Babba Zaki a ƙarni na 18 sarkin Kano yana da 'yan bindiga, amma irin wadda ake ɗurawa ta baki ce, a harba sau ɗaya a koma ɗuri. Dakare ba shi da tanti. In an yi sansani, bukkar kara ce ko gindin itace, a kewaye da shingen ƙaya. Kaki kuwa sai 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Abin da muke gani a hawan sallah ya gaji wancan zamani, amma an ƙara masa ado da yadin kanti. Kayan nuna alfarma ne a gaban sarki, ba lallai abin da aka kwana da shi a dajin Gwaram ba.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙyalle nauyi. Waɗancan sojojin duwatsu na Jamus da ake kwaikwayon kayansu, wata ƙungiya daga rundunarsu ta farko ce ta shiga ƙauyen Kommeno a ƙasar Girka ranar 16 ga Agusta 1943, ta kashe mutum 317, har da mata da yara. Mutum zai iya daidaita kowane maɓalli na ƙyallensa, in ya yi shiru a kan Kommeno, ƙarya ya nuna wa 'yan kallo. Haka namu. Yaƙin Ningi kamun bayi ne ta kowane ɓangare. Ningawa sun kwashi mutane daga gonakinmu, rundunonin sarakuna su ma sun kwaso mutanen duwatsu sun kawo kasuwa. Jikokin duka biyun yau kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, kuma su ne za su karanta littattafanmu. In muka sa wa ɓangare ɗaya farar riga muka bar ɗayan da fuskar dodo, mun zalunci kakan wani daga cikin masu karatunmu.

Ga abin da muke roƙon junanmu. Kafin mu rubuta fitowar jarumi, mu rubuta shekarar a saman takarda, mu tambayi kanmu ko kowane abu da ke jikinsa ya zo ƙasar nan a wannan shekarar. Wanda ya shiga Kano ya leƙa Gidan Makama ya ga kayan da idonsa, gani ya kori ji. Ranar hawa mu matsa kusa da 'yan lifida, mu nemi izini mu ɗaga rigar mu ji nauyinta. Sannan mu zauna da tsofaffin gidajenmu. A unguwanninmu har yanzu akwai masu iya faɗin ta wace ƙofa aka gudu, da sunan kakar da aka tafi da ita ba ta dawo ba. Kowace shekara suna raguwa, kuma abin da suka tafi da shi ba a gidan tarihi yake ba.

Wanda ya ji wani abu daga bakin kakansa a kan wannan zamani, ya ajiye mana a ƙasa, da sunan garin da abin ya faru. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa alƙalumanmu albarka.