igiya

igiyā̀ sn., mc., jam. igiyōyī.

1. Abin ɗauri da ake tufkawa da rama, kaba ko leda. Mis.: igiyar guga ta tsinke a rijiya, ya sayo igiyar shanu a kasuwar Kazaure.

2. (jirgin ruwa) Wadda ake sarrafa filafili da ita, wato ƙyallen da iska ke turawa, kamar a jiragen da suka riƙa ƙetarar da alhazan ƙasar Hausa daga Sawakin zuwa Jidda.
(a) Ta ɗagawa: mai hawar da ƙyallen kan jigo. Akan tamke ta in iska ta tsananta, don ƙyallen ya miƙe, cikinsa ya ragu.
(b) Ta juyawa: mai riƙe da gefen ƙyallen na baya. Ana jan ta in jirgi ya kusa fuskantar iska, a sassauta in iskar tana bugowa ta baya. Mis.: bakin ƙyallen yana kaɗawa, ja igiya, jirgi ya karkata da yawa, saki igiya kaɗan.

3. ~r ruwa: tozon da iska ke tayarwa a kan kogi ko teku. Mis.: igiyar ruwa ta kife kwalekwale.

4. ~r aure: ɗaya daga cikin saki uku na Shari'a. Mis.: saura igiya biyu tsakaninsu.

5. ~r ƙasa: (sakaya) maciji.

Dub. tufka, jigo, filafili, sassauta.