Malaman Jirgin Thomas da Yaran Filifin

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu mun taɓa tsayawa gaban ƙananan yara da alli a hannu, ko a makarantar Lahadi ko a lokacin hidimar ƙasa. Mun san yadda zuciya take yi idan aka yi bayani sau uku, yara suna kallon baki kawai. Wasunmu kuma suna neman hanyar fita waje su koyar da Turanci. To bari mu koma baya shekara 120 da 'yan kai, mu ga yadda wannan aiki ya kasance wa wasu matasa da suka riga mu yin sa.

Ran 23 ga Yuli 1901 wani jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Thomas ya tashi daga San Francisco ɗauke da malamai sama da 500, maza sun fi mata yawa. Ya yada zango a Honolulu, ya isa Manila ran 21 ga Agusta. Daga sunan jirgin aka samo laƙabin da ya bi su har yau, wato 'yan Thomas, har ma waɗanda suka zo a wasu jiragen da sunan ake kiransu.

Ƙasar da suka sauka ba ta cikin kwanciyar hankali. A 1898 Amurka ta ci Sifaniya da yaƙi, ta karɓi tsibiran Filifin a kan dala miliyan 20. Mutanen ƙasar, waɗanda suka riga suka yi shelar 'yancin kansu, suka ce ba su yarda a sayar da su kamar buhun hatsi ba, yaƙi ya ɓarke a Fabrairu 1899. Ana cikin wannan yaƙi ne hukumar mulkin da William Howard Taft yake shugabanta ta kafa Doka ta 74 a Janairu 1901. Dokar ta ba da izinin ɗauko malamai 1,000 daga Amurka, ta kuma ce da Turanci za a koyar da kome. Ba mu ga amfanin ɓoye wannan ba: malaman wani hannu ne na mulkin mallaka, ko da yake da yawansu da zuciya ɗaya suka zo. Ba kuma a kan fili suka fara gini ba, domin tun 1863 Sifaniya ta yi dokar a buɗe makarantar maza da ta mata a kowane gari.

Bayan 'yan makonni a Manila aka rarraba su larduna, wani a kwalekwale, wani a keken da ɓauna ke ja. Sau da yawa malami shi kaɗai ne Ba'amurke a garin da aka kai shi. Makarantar kuwa wani lokaci rumfa ce ta gora da ganyen kwakwar nipa, wani lokaci tsohon gini ne da sojoji suka kwana a ciki suka bar shi ba benci ba allo. Akwatunan da aka zubo kaya a ciki su suka zama tebur.

Ga yadda yini yake tafiya. Da safe malami yana tare da yara, ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Sai ya ɗaga hula ya faɗi sunanta, yara su amsa gaba ɗaya. Ya ɗaga littafi, su amsa. Ya tashi tsaye, ya zauna, ya buɗe ƙofa, yana faɗin abin da yake yi, suna kwaikwayo. Da rana sai ya tara malamai 'yan ƙasa ya koya musu darasin da za su koyar gobe, domin da yawansu da darasi ɗaya tak suka fi ɗalibansu. Da dare, wasu ranakun mako, ga ajin manya: magatakardan gari, 'yan sanda, 'yan kasuwa, duk masu son harshen sababbin masu mulki. Albashi daga dala 75 zuwa 125 ne a wata, amma yakan makara, kuma idan ya zo a kuɗin azurfa na Meziko yake zuwa, wanda darajarsa ke ta faɗuwa.

Babban ciwon kai shi ne tara yaran. Lokacin girbin shinkafa aji ya watse. Ranar bikin waliyyin gari aji ya watse. Malamin da ya san abin da yake yi yakan fara da gaishe da shugaban gari da fadan majami'a, domin in waɗannan biyu ba su ɗaga kai ba, iyaye ba za su turo 'ya'yansu ba. Fadan kuwa yana da dalilin zargi. Ƙasar ta Katolika ce, mafi yawan baƙin kuma Furotesta ne. Doka ta 74 ta hana malamin gwamnati koyar da addini ko sukar koyarwar wata ikilisiya, wanda ya karya ana iya korarsa. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne fada ko fasto ya shigo makaranta na rabin sa'a, sau uku a mako, idan iyaye sun nema a rubuce. Mu yi tunanin matashin da ya girma yana koyarwa a makarantar Lahadi a Ohio, ga shi yanzu an rufe masa baki a kan abin da ya fi so ya faɗa. Abin da ya rage masa shi ne halinsa, kuma garin duka yana kallo.

A Maris 1902 kwalara ta shiga Manila, ta bazu cikin tsibiran, ta kashe mutane sama da 100,000 kafin ta lafa a 1904. Aka rufe makarantu a wurare da yawa, malamai suka koma bin gida gida suna roƙon a tafasa ruwa. Su ma ba su tsira ba. Kwalara da agana da zazzaɓi sun ɗauki wasu, an kashe huɗu a tsaunukan Cebu a 1902. Akwai wurin tunawa da su a Maƙabartar Arewa ta Manila.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar littafi. Littattafan da aka kawo na yaran Amurka ne, cike da tuffa da dusar ƙanƙara da labarin George Washington. Yaron da ya tashi a gindin kwakwa da mangwaro sai ya haddace sunan abin da bai taɓa gani ba, a harshen da uwarsa ba ta ji. Yana iya karanta shafi sumul, a tambaye shi me ya karanta ya yi shiru. Mun san wannan shirun, wasunmu mun yi shi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka lura da haka shi ne Carter G. Woodson, baƙar fatan Amurka, ɗan iyayen da aka haifa cikin bauta, wanda ya yi aikin makaranta a Filifin daga 1903 zuwa 1907. Daga baya, a littafinsa na 1933 a kan gurguncewar ilimin baƙar fata, ya ba da labarin yadda masu manyan takardun shaida suka yi ta kasawa a can, sai wani da ya fito daga harkar inshora ya ci nasara. Dalili kuwa, mutumin ya fara zama ya san mutanen tukuna. Waƙar girgiza bishiyar tuffa ya mai da ita ta lomboy, wani ɗan itace baƙi mai kama da ɗinya wanda yaran suke ci kullum. A madadin Washington ya ba su labarin José Rizal, gwarzonsu da Sifaniyawa suka harbe a 1896. Yara suka farka.

A hankali aka fara rubuta littattafai na ƙasar, har Camilo Osias, wanda shi kansa ɗalibin wannan tsari ne, ya fitar da jerin littattafan karatu masu tatsuniyoyin Filifin. Batun harshe kuwa ya ƙi warwaruwa. A 1925 wani kwamiti a ƙarƙashin Paul Monroe na Jami'ar Columbia ya gwada dubban yara, ya gano sun yi baya ƙwarai a karatu, kuma mafi yawansu ba sa wuce aji 4. Wato yaro ya ƙare 'yan shekarunsa na makaranta yana kokawa da baƙon harshe, ya koma gona, Turancin ya zube. Duk da haka kwamitin ya ce a ci gaba da Turanci, abin da muke gani kamar likita ne ya gano cuta sannan ya ƙara maganin da ya kawo ta. Sai a 1948 José Aguilar ya fara gwaji a Iloilo, inda aka koyar da 'yan aji 1 da 2 da yarensu na Hiligaynon, suka fi takwarorinsu a karatu da lissafi. Ƙasar ta yi ta kai da komo tun daga nan: ta wajabta harshen uwa a ƙananan azuzuwa a dokar 2013, ta janye wajabcin a 2024.

Ba za mu ce aikin 'yan Thomas ya tashi a banza ba. Cikin shekaru kaɗan malamai 'yan ƙasa suka ninka Amurkawa nesa ba kusa ba, kuma su ne ainihin waɗanda suka kai karatu ƙauyuka, waɗannan da ake koya wa darasin gobe da rana. Jikokinsu ne suka ɗauki allin suka fita duniya. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya sa Nijeriya ta buɗe makarantu fiye da yawan malamanta, 'yan Filifin suna cikin baƙin da suka koyar a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa, tare da Indiyawa da 'yan Pakistan. Mu tambayi iyayenmu da dattawan ikilisiya, za a sami wanda zai tuna da sunan malamarsa. Yau kuma a Manila da Cebu da Baguio akwai dubban matasa da ke zama gaban kwamfuta da maraice, suna ɗaga hula ko ƙwallo suna faɗin sunansa, wani yaro ɗan shekara biyar a Japan ko Koriya yana amsawa.