Daga Bukkar Masu Gudun Duniya Zuwa Ɗakin Gwaji

A yau, mai koyar da yoga zai umarci ɗalibi ya toshe kafar hancinsa ta dama, ya shaƙi iska ta hagu, ya fitar ta dama, sannan ya juya. Bayan 'yan mintoci, sai hankali ya kwanta. Sunan dabarar nadi shodhana, wato tsarkake magudanan da malaman yoga na Indiya suka yi imani ƙarfin rai na bi a jiki.

Sai dai ba domin ma'aikacin da ofis ya gajiyar aka tsara ta ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda Svatmarama ya wallafa a ƙarni na 15, ya tanade ta ne ga wanda ya ƙaurace wa jama'a ya tare a bukka. Jigon aikin kuwa riƙe numfashi ne: zama huɗu, da asuba, da tsakar rana, da maraice, da tsakar dare, har mutum ya kai riƙo 80 a kowane zama. Littafin bai ɓoye hatsarin ba. Ya yi kashedin cewa ganganci kan jawo tari, shaƙuwa da ciwon kai.

Sauyi ya zo a 1924, lokacin da Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonavla, tsakanin Mumbai da Pune, ya shiga auna masu atisayen da na'urori, yana buga sakamakon a mujallarsa Yoga Mimamsa. Sannu a hankali harshen likitanci ya ture na neman 'yantar rai. Riƙon numfashin nan mai tsanani, wanda dā shi ne ƙashin bayan aikin, yanzu galibi ba a ma koya wa sabon shiga shi.