Labarin Girgizar Ƙasa ta Shekara 702 da Rushewar Manarar Iskandariyya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Amma bayan haka, wannan labarin manarar Iskandariyya ne, da yadda girgizar ƙasa ta ci ta. Ka sani, ya kai mai karatu, ita hasumiya ce ta dutse. Sarakunan Yunanawa da suka mallaki Masar su suka gina ta bisa tsibirin Farus, a bakin Bahar Rum, wajen shekara 280 gabanin haihuwar Annabi Isa. Tsayinta ya ɗara mita 100. Da dare ana hura wuta a samanta, masu jirage su hango ta, su san mashigar gari.

Ta daɗe tana shan girgiza. Mas'udi ya ambaci cewa cikin Ramadan na shekara 344 ta Hijira (956 Miladiyya) misalin zira'i 30 ya zube daga kanta. Aka gyara, ta tsaya.

Sa'an nan babbar ta zo. Ranar Alhamis da sassafe, 23 ga Zulhajji, shekara 702, daidai da 8 ga Agusta 1303, ƙasa ta yi rawa daga tsibiran Rum har Masar da Sham. Masu ilmin ƙasa na wannan zamani sun ce asalinta ƙarƙashin teku ne, daura da tsibirin Karita, inda falalen da ke ɗauke da Afirka yake shiga ƙarƙashin wanda ke ɗauke da ƙasar Yunanawa. Kadan ya zame, gindin teku ya motsa, ya tura ruwa tari guda, shi ne abin da ake kira tsunami. To, a Iskandariyya masifa biyu aka sha a rana ɗaya. Ƙasa ta kayar da hasumiyoyin ganuwa, ta tsaga manara. Mutane ba su gama natsuwa ba sai teku ta hau tudu, ta jefa jirage bisa gaɓa, ta tafi da hajar fatake. Ruwan nan ya kai har Akka. A Alƙahira kuwa masallatai suka tsattsage, jama'a suka watse cikin hanyoyi, suka bar gidajensu a buɗe.

Sarkin Masar a wannan lokaci Nasiru Muhammadu ɗan Ƙalawun ne, saurayi, mulki yana hannun amirai biyu, Salar da Baibaras Jashnakir. Suka raba gyara tsakaninsu. Salar ya ɗauki masallacin Azhar da na Amru ɗan Asi, Baibaras ya ɗauki masallacin Hakim, ya sake kawunan hasumiyoyinsa, suna nan har yau. Manara ma an taɓa ta, amma gyaran bai riƙe ba. A ganina dalili a fili yake: masallacin babban birni yana da wakafi da jama'a da mai son a rubuta sunansa bisa ƙofa, ita kuwa tsohuwa ce a bakin ruwa, nesa da idon fada, gyaranta yana cin dukiya.

Ibnu Baɗɗuɗa ya gan ta sau biyu. Cikin shekara 726 (1326) ya iske gefe ɗaya ya rushe, amma ana iya kaiwa ƙofarta. Da ya komo cikin shekara 750 (1349) ya iske ta lalace, ba shiga, ba hawa. Ya ce Sarki Nasiru ya soma gina wata irinta kusa da ita, mutuwa ta riske shi aiki bai cika ba. Rasuwarsa shekara 741 (1341).

Kufai ya zauna haka fiye da shekara 100, har Sarki Ƙaitabai ya aza kagara bisa harsashinta cikin shekara 882 (1477), domin tsaron bakin ruwa. Cikin shekara 1994 masu ninƙaya tare da wani masani Bafaranshe, Jean-Yves Empereur, suka nutsa a gindin kagaran, suka iske manyan duwatsu da ginshiƙai da gumaka zube cikin ruwa, waɗansu ana tsammani na manara ne.

Tamat.