Kanwa da Ciwon Ciki a Tarihin Fataucin Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan asibiti, kanwa tana cikin magungunan da Hausawa suka fi dogara da su wajen kumburin ciki da ƙwannafi da taurin bayan gida, wato larurorin da sau da yawa tushensu tangarɗar aikin tumbi da hanji ce, ba wani gyambo da ido zai gani ba. Ita kanwa ma'adini ce da ke daskarewa a tafkuna da fadamu idan ruwa ya ƙafe da rani, kuma a da akasarinta daga ƙasar Barno take fitowa: daga Muniyo da Mangari, waɗanda ke cikin Nijar ta yau, da kuma gabashin Tafkin Chadi, inda ake haƙo kanwa mai tauri da ake kira ungurnu, 'yan ƙabilar Buduma su ƙetaro da ita a kwalekwale.

A wancan zamanin, daga nan fatake ke ɗora ta a kan jakuna da takarkarai, su biyo ta Gumel zuwa Kano, wasu su zarce Nufe. Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan kanwa da ke ratsa birnin a shekara ba su gaza 20,000 ba, ko da yake ba duka don magani ba ne, domin ana ba dabbobi, ana sa ta a girki, ana kuma haɗa ta da taba.

Amincewar da aka yi mata ba camfi ba ce. Idan aka jiƙa ɗan guntu aka sha, tana kashe tsamin ruwan tumbi, iska ta taso, mutum ya yi gyatsa, nan take ya ji sassauci. Sai dai sassaucin ba ya kai wa ga tushen cutar, wanda likitocin zamani, bisa ma'aunin tantance irin waɗannan larurori da ake kira ma'aunin Rum, da aka sabunta a 2016, suke gani a rikicewar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji, har hanjin ya riƙa motsi da gaggawa ko da nawa, ko ya ji zafin abin da bai kai ya yi zafi ba. Shi ya sa maganinsu ya karkata ga gyara cima, da motsa jiki, da rage damuwa, da ƙwayoyin da ke sassauta murɗa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yawan gishirin da ke cikin kanwa, domin binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa, tare da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.