Dala 2,000 a shekara: yadda duniya ta fara biyan masu gadin intanet

1/
Jama'a, yau tarihi zan ba ku, amma ba na sarakuna ba. Labarin wata manhaja ce da kusan kowannenku ya mora bai sani ba, da yadda aka wayi gari a 2014 aka gane cewa gudummawar da jama'a ke ba ta a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Zaren yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Kun san ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshin shafi idan ka shiga intanet? Alama ce ta cewa abin da kake turawa, kalmar sirri ko lambar katin banki, a kulle yake tafiya. A wancan lokacin, manhajar da ke yin wannan kulli a kaso mai yawa na shafukan duniya ita ce OpenSSL.

3/
OpenSSL buɗaɗɗiyar manhaja ce. Ma'ana, rubutun da aka gina ta da shi yana fili, kowa zai iya karantawa, ya ɗauka, ya gyara, ya sa a kasuwancinsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Aikin gayya ne. Bambancin kawai, a gayyar gona ko fura ana dama wa ma'aikata, a nan kuwa sau da yawa ko sannu babu.

4/
Asalinta daga Ostareliya ne. A 1995 Eric Young da Tim Hudson suka fara wata manhaja mai suna SSLeay. Da suka bar aikin, wasu 'yan sa-kai suka ɗora daga inda suka tsaya, a Disambar 1998 aka fitar da OpenSSL. Daga nan bankuna, gwamnatoci, kamfanonin waya, kowa ya dinga ɗiba.

5/
To, ranar 31 ga Disamba 2011, daren sabuwar shekara, aka shigar da wani ƙaramin ƙari da wani ɗalibin digirin digirgir a Jamus ya rubuto. Mutum ɗaya ne ya duba shi kafin ya wuce. Akwai kuskure a ciki, amma bai hango ba. A Maris 2012 aka fitar da shi cikin OpenSSL 1.0.1, duniya ta sauke.

6/
Aikin ƙarin mai sauƙi ne. Kwamfutarka tana tura ɗan saƙo zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi, don ta tabbatar layin yana nan da rai. Tana faɗa mata tsawon saƙon, ita kuma sabar ta dawo da shi yadda yake. Kuskuren shi ne, sabar ba ta duba ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne.

7/
Misali: ka ba mai shago ajiyar gero mudu ɗaya, ka dawo ka ce “ba ni mudu goma ɗin da na ajiye.” Shi kuma bai duba littafi ba, ya auna maka naka, ya cika tara daga buhunan wasu. Haka sabar ke yi. Tana cika saƙon da duk abin da ke ƙwaƙwalwarta a lokacin, har kilobait 64 a kowace tambaya.

8/
Me ke cikin ƙwaƙwalwar? Kalmomin sirrin mutane, saƙonninsu, wani lokaci ma har makullin sirrin shafin kansa. Mai kutse zai iya maimaita tambayar sau dubu, kuma ba ta barin sawu a kundin da saba ke rubuta shige da fice. Shekara biyu cur ƙofar nan tana buɗe.

9/
Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka sanar. Neel Mehta na Google ne ya gano, sai kuma injiniyoyin wani kamfanin Finland mai suna Codenomicon da suka gano nasu daban. Su suka raɗa masa suna Heartbleed, suka zana masa tambarin zuciya mai ɗigar jini. An ƙiyasta saba kusan rabin miliyan abin ya shafa.

10/
Na tuna makon nan sarai. Saƙon imel ne ta ko'ina, kowane shafi yana cewa canja kalmar sirri. Ni dai na canja, ban ma fahimci dalili ba sai daga baya. A Kanada, hukumar haraji ta rufe shafinta na kwanaki, sannan ta ce an sace lambobin shaidar mutane kusan 900.

11/
Sai aka shiga tambaya: su waye ke kula da abin nan ne? Amsar ta fi kuskuren tayar da hankali. Mutum ɗaya ne tak ke aiki a kai cikakken lokaci, Stephen Henson, yana Ingila. Sai Steve Marquess a Amurka, mai nemo kuɗi. Sauran 'yan tsirarun sai sun tashi daga aikin da ke ciyar da su suke taɓawa.

12/
Marquess ne ya fito ya faɗi lissafin. Gudummawar jama'a kimanin dala 2,000 a shekara. Abin da ke riƙe da su kwangiloli ne, kuma ko da su kuɗin shiga bai taɓa haura dala miliyan ɗaya a shekara ba. Ga kamfanoni masu cin ribar biliyoyi sun jingina da wannan bango.

13/
Ku lura da maganar kwangila, don nan gizo ke saƙar. Kamfani yana biya ne a ƙara masa abin da shi yake buƙata. Ba mai biya a zauna a sake karanta tsohon rubutu, a share datti, a yi gwaji. Kamar rijiyar unguwa ce. Kowa da gugarsa, amma ranar yasa ba ka ganin kowa.

14/
Kafin wannan, akwai wani tunani da ya zauna a zukatan masana: tunda rubutun a buɗe yake, idanu da yawa na kallo, kuskure ba zai ɓuya ba. Heartbleed ya nuna cewa damar dubawa daban, dubawar daban. Kowane kamfani ya ɗauka wani ya riga ya duba.

15/
Cikin kwana 17 aka motsa. Ranar 24 ga Afrilu 2014 gidauniyar Linux, ƙarƙashin Jim Zemlin, ta sanar da wani shiri mai suna Core Infrastructure Initiative. Google, Microsoft, Facebook, Amazon, IBM, Intel, Cisco, Dell da wasu suka shiga. Kowanne zai sa dala 100,000 a shekara, na shekara uku.

16/
Ga dabarar da ke cikin shirin. Waɗannan kamfanoni kishiyoyin juna ne. Da Google kaɗai ta sa kuɗi, Microsoft za ta ce an saye manhajar. Sai aka yi asusu ɗaya a hannun gidauniyar da ba ta kowa ba, kwamiti ya zaɓi inda kuɗin zai je, masu manhajar kuma suka ci gaba da yanke shawarar aikinsu.

17/
Kuma ya yi amfani, a faɗi gaskiya. An ɗauki nauyin mutum biyu su yi wa OpenSSL aiki cikakken lokaci, an biya ƙwararru na waje suka bi rubutun da bincike. OpenSSH da manhajar daidaita agogon kwamfutoci ta NTP su ma sun samu. A gefe, mutanen OpenBSD suka ɓalle da nasu reshe, LibreSSL, Google ta yi BoringSSL.

18/
Amma ko shekara ba a yi ba, wani labarin ya fito. Werner Koch, Bajamushe, shi ya rubuta GnuPG tun 1997, manhajar kulle imel da 'yan jarida da masu fallasa ke dogaro da ita, har da Edward Snowden. Kusan shi kaɗai yake riƙe da ita, kuma kuɗi sun ƙare masa, yana tunanin ajiye aikin.

19/
A Fabrairun 2015 'yar jarida Julia Angwin ta rubuta labarinsa a ProPublica. Cikin kwana ɗaya gudummawa ta haura dala 100,000. Facebook da Stripe suka yi alkawarin dala 50,000 kowanne a shekara, asusun gidauniyar Linux ya ba shi dala 60,000. Abin farin ciki ne. Amma da ba a rubuta labarin ba fa?

20/
Wannan tambayar ce Nadia Eghbal ta bi diddiginta a rahoton da gidauniyar Ford ta ɗauki nauyi a 2016, mai suna Roads and Bridges. Hujjarta ita ce a ɗauki irin waɗannan manhajoji kamar tituna da gadoji. Kowa na bi ta kai, don haka kula da su ba zai dogara da tausayin mai wucewa ba.

21/
Daga nan hanyoyi suka ƙaru. Open Collective ta ba ƙananan ƙungiyoyi damar karɓar kuɗi da kashewa a fili ba sai sun yi rajistar kamfani ba. GitHub Sponsors ya zo a 2019, ka riƙa tura wa mai manhaja wani abu duk wata. A Agustan 2020 aka kafa OpenSSF, ta gaji aikin asusun 2014.

22/
Duk da haka, Disambar 2021 sai ga Log4Shell. Rauni ne a Log4j, ƙaramar manhajar rubuta bayanai da ke cikin dubban manhajojin Java, daga wasan Minecraft har na'urorin gwamnati. Masu kula da ita? 'Yan sa-kai ƙalilan a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Suna gyara ba dare ba rana, ana ta zaginsu a intanet.

23/
Akwai abin dariya mai ciwo a nan. Daniel Stenberg ɗan Suwidin, mai manhajar curl, ya samu imel daga wani katafaren kamfani: ya amsa musu jerin tambayoyi kan Log4j cikin awa 24. Ba sa biyan sa, kuma curl ba ta ma amfani da Log4j. Ya ce zai amsa da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi. 😂

24/
Wannan karon gwamnatoci suka shigo. A Janairun 2022 fadar White House ta tara kamfanoni da gidauniyoyi kan batun. Wata na gaba Microsoft da Google suka sa dala miliyan 5 aka fara shirin Alpha-Omega. A shekarar kuma Jamus ta kafa Sovereign Tech Fund da kuɗin gwamnati.

25/
Na Jamus ɗin ne ya fi burge ni. Ba sabon abu mai ƙyalli suke saye ba. Suna biyan aikin da ba mai yi wa tafi: gyara, gwaji, tsaro, rubuta bayani. curl ta samu, GNOME ta samu yuro miliyan ɗaya a 2023. Wato an fara biyan masu yasar rijiya tun ruwa bai ƙafe ba.

26/
Sai Maris 2024, shekara goma bayan Heartbleed. Akwai manhajar matse fayil mai suna xz, tana cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana riƙe da ita a lokacin hutunsa, ba albashi. Ya gaji, kuma bai ɓoye ba.

27/
Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya bayyana a 2021 yana taimakawa, gyara mai kyau bayan gyara mai kyau. Wasu asusu kuma suka dinga matsa wa Collin lamba, wai aiki ya tsaya, ya miƙa wa wani. A hankali Jia Tan ya samu makulli. A 2024 ya dasa ƙofar baya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1.

28/
Allah ya taƙaita. Andres Freund, injiniya a Microsoft, yana wani gwaji na daban ya ga shiga saba ta SSH na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya ƙi sharewa, ya bi sawu, ranar 29 ga Maris ya sanar, kafin abin ya kai ga yawancin kwamfutoci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar nan gajiyar mutum ɗaya ce.

29/
Abin da na ɗauka daga shekaru goman nan: kuɗi na zuwa ne bayan gobara, kuma wurin da ya ƙone kawai yake zuwa. OpenSSL ta samu don ta yi suna da bala'i. xz ba ta samu ba don ba wanda ya san da ita. Haɗin gwiwar da ya yi aiki shi ne wanda ya biya albashin mutane na shekaru, ta hannun da kowa ya yarda da shi.

30/
Kuma kuɗi kaɗai bai isa ba. Da Collin yana da amintaccen abokin aiki na biyu da ake biya, da wuya baƙon da ba a san fuskarsa ba ya karɓi makulli. Kamfani zai iya ba da lokacin injiniyansa, kwana ɗaya a mako. Wannan ma gudummawa ce, wani lokaci ta fi dala.

31/
Mu ma muna cikin masu ɗiban ruwan nan. Wayar Android da ke hannunka a kan Linux take. Idan kana rubuta manhaja ko kana aiki a kamfanin fasaha, zauna ka lissafa buɗaɗɗun manhajojin da aikinku ya hau kai, ka duba mutum nawa ke riƙe da kowacce. Za ka sha mamaki, wallahi.

32/
In ka samu wadda mutum ɗaya ke riƙe da ita, ka kai maganar gaban oga lokacin kasafin kuɗi. In babu kuɗi, ka kai rahoton kuskure cikin ladabi, ko ka gyara bayani, ko ka fassara. Ku faɗa min a ƙasa wace buɗaɗɗiyar manhaja kuka fi amfani da ita, mu duba tare su waye ke bayanta.